Hoton Mai Nono a Jaridar Bango

Edita, ina roƙon a ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Lafiya, ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida na wata makarantar gaba da sakandare. Gidanmu na tsofaffin Barebarin gari ne, ni ce kuma mace ta farko a zuri'armu da ta kai wannan matsayi, saboda haka kaina ya kumbura. Ina yawo da ƙaramin littafi da biro a hannu ko ɗakin girki zan shiga, ina jin duk garin ba wanda ya kai ni iya jera Turanci. Ajinmu yana da jaridar bango da muke liƙawa a allon sanarwa duk ranar Litinin, a kanta ake ba mu maki, kuma burin kowa labarinsa ya hau shafin farko.

A bakin ƙofar makaranta akwai wata dattijuwar Bafillatana mai fura da nono, tana zuwa daga wata ruga ta wajen Ashige. Dada muke ce mata, ita kuma 'yata take kirana, kuma ba ta taɓa dama mini fura ba ta ƙara ludayi ɗaya a kai ba. Da malaminmu ya ce kowa ya kawo labarin da ya shafi lafiya, da majiya biyu da hoto, sai na ce na samu a sama. Na ari kyamarar sashe, na gaya mata za ta fito a jarida. Washegari ta zo da sabon zane da 'yan kunnenta na azurfa, ta zauna ta gyara ƙoren nan fes, ta yi mini bayanin yadda take dafa madara kafin ta kwantar da ita, da yadda take shanya ƙwarya a rana bayan wanki. Na rubuta duka, na kai wa editan ajinmu.

Editan nan ɗalibi ne kamarmu, mutumin Agyaragu, mai baki kamar reza. Ya karanta ya wurgo mini, ya ce da irin Hausarsa wai wannan ba labari ba ne, tatsuniya ne, wa zai tsaya cikin rana ya karanta tsohuwa yana wanke ƙwarya? Ya ce in babu wahala a ciki to babu niyus, in je in sa masa gishiri. Ba shi kaɗai ba, kusan rabin ajin haka suke yi: a zauna a kan katifa a ɗakin kwana a dafa labari, a ƙirƙiro wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta, a kai a karɓi maki. Har suna muka sa wa abin, muna cewa girki. Yau in na tuna yadda muke dariya muna yaba wa junanmu iya girki, sai ƙyama ta kama ni.

A makon nan kuwa an yi ta fama da ciwon ciki da gudawa a ɗakunan kwanan mata. Sai na haɗa biyun. Na rubuta cewa ɗalibai suna zargin nonon bakin ƙofa, na ƙirƙiro wani ma'aikacin lafiya da bai taɓa wanzuwa ba, na sa masa magana a baki wai masu nono suna sirka shi da ruwan rafin da shanu ke sha suna fitsari a ciki. A saman wannan ƙazantar na ɗora hoton Dada tana murmushi da sabon zanenta. Labarin ya hau shafin farko, na sami makin da ya fi na kowa, aka yi ta buga fotokwafi ana rabawa. Wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin cewa matar da ke cikin hoton tana da ciki da za ta ciyar ba. Na fara dai bin ƙofar baya don kada mu haɗu.

Ranar Juma'a na manta na biyo ta babbar ƙofa. Ashe wani ɗan iska ya ba ta fotokwafi ɗaya, ya ce mata ta yi suna. Ta sa takardar a cikin leda don kada ta jiƙe, ta jingina ta a jikin babbar ƙwaryarta, duk wanda ya zo wucewa sai ta ɗaga ta nuna masa. Da idona na ga 'yan acaɓa biyu sun karanta, suka kalli juna, ɗaya ya tofar da yawu ya ajiye kofin da ya fara sha. Ita kuwa sai murna take, tana mamakin yadda kasuwa ta mutu mata a makon da ta fito a jarida. Tana hango ni ta kira ni, ta ce 'yata ta zo, ga wadda ta yi aikin nan, in karanta mata abin da aka ce, don duk wanda ta tambaya dariya kawai yake yi.

Nan ne Allah Ya ba ni dama in gyara, ni kuwa na ƙara dulmiya. Na riƙe takardar, na kalle ta cikin ido, na ce an rubuta cewa duk Lafiya babu nono mai tsabta irin nata. Ta yi ta sa mini albarka, ta dama mini fura mai kauri, ta ƙulla mini man shanu a leda in kai wa mahaifiyata. Na karɓa! Na kai bakina na kurɓa a gabanta. Ban taɓa jin ƙyamar wani mahaluki kamar yadda na ji ƙyamar kaina a wajen nan ba. Kwana uku bayan haka masu gadi suka kore ta daga bakin ƙofa, suka haɗa da sauran matan rugarsu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan korarta ciwon bai tsaya ba, har aka gano rijiyar ɗakin kwananmu ce masai ya tsiyaya a ciki. Malaminmu ya kira ni ya ce in kai shi wajen ma'aikacin lafiyar nan, ko in nuna masa inda na rubuta hirarmu. Sai na faɗi gaskiya. Bai ɗaga murya ba, ya soke makin, ya ce da a ce ɓarauniya ya kama da ya fi jin sauƙi, don ɓarawo yakan iya mayar da abin da ya sata. Aka buga gyara a wani ɗan lungu na shafin ƙarshe, layi uku, wanda ko mu da muka liƙa ba mu sake kallo ba.

Sai bayan wata biyu na gan ta a bakin kasuwa, cikin rana, ba inuwa, ƙwarya ɗaya tal a gabanta. Wani mai kemis ya riga ya fassara mata takardar kalma bayan kalma. Na durƙusa ina kuka. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ta ce abin da na rubuta ta bar ni da Allah kuma ta yafe, don ita ba ta san me biro ke sa mutum ba. Amma abin da na faɗa mata da bakina ina kallon idonta, har na bar ta tana nuna wa duniya zaginta da hannunta, shi ne ya kasa fita daga ranta. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini takardar, ta ce in riƙe kayana. Da sunan Hajiya ta kira ni a ranar, ba ta ƙara ce mini 'yata ba.

Na gama makaranta, na yi aiki, amma ban sake rubuta kalmar majiya ba sai na san fuskar mai maganar. Ku ƙannena masu koyon wannan sana'a, kada wani ya ruɗe ku da cewa gwaji ne kawai, jaridar bango ce, ba wanda zai mutu. Makin na bogi ne, amma mutumin da ke cikin labarin na gaske ne, kuma sau da yawa ba zai iya karanta abin da kuka ce a kansa ba, balle ya kare kansa. Kafin ku kai labari, ku tambayi kanku ko za ku iya karanta wa mai shi a gabansa ba tare da kun canza ko kalma ɗaya ba. Takardar tana nan a akwatina har yau, da tabon man shanu a gefen hoton, Dada tana ta murmushi.