Ƙariyar Kaka a Bakin Gona

Jiya ina zaune a tsakar gida, iska ta ajiye min wani ɗan iri a kan zane, siriri mai farin gashi kamar auduga. Tun kafin in taɓa na gane shi. Irin ƙariya ne, itacen nan mai ƙaton gindi da jan fure. Sai na tuna Kaka.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, Baba ya ce za mu tafi kudu neman abinci. Gona ce ta hana shi sukuni. A wajenmu gona manne take da gona, ga awaki sun cinye shingen iyaka saboda yunwa. In muka daɗe, wa zai san inda tamu ta tsaya?

Dama Kaka ta ɗaure kwanson ƙariyar bayan ɗakinta da zare, don kada ya fashe irin ya tashi. Ta kwance, muka cire gashin muna hura wa juna a fuska, ta shuka a fasassun tukwane cike da yashi. Ruwan alwalarta kaɗai take tarawa ta yayyafa. Da suka tsiro, kowanne da ɗan koren tumbinsa, na ce ai sun fi mu ƙoshi. Kaka ta yi dariya har da tari.

Da lokacin dashe ya yi, ta tumɓuke su ta shanya a inuwa. Baba ya ce, "Inna, kashe su za ki yi?"

Ta ce, "Kai dai haƙa rami. Laima ke kashe su, ba ƙishi ba. Akuya kuma ba ta ci."

Muka jera su a kan iyaka, muka tafi.

Mun daɗe. Kaka can aka binne ta. Da rani muka dawo, ƙasa fari fat, sai ga jan fure a jere tun daga nesa. Maƙwabcinmu ya yi noma har gindinsu, bai tsallake ba. Baba ya durƙusa yana hamdala.

Ɗan maƙwabcin nan shi ya zama maigidana. Yakan tsokane ni: "Kakarki ta hana mu gona, ni kuwa na ɗauke jikar." Bara ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Har yau in na tuna maganar sai in yi dariya, sai kuma kuka ya biyo.

Yanzu da bulo ake raba gona. Ni dai na ƙulle irin a bakin zane, na aiki jikata ta ɗebo min yashi.