Kilo Talatin na Abdulmumini Tela

Abdulmumini Tela mutumin Atantane ne, a ƙasar Mayahi. Aji uku ya yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin mahaifinsa ya cire shi ya kai shi Tasawa koyon ɗinki, kuma daga aji ukun nan ya fito da abu biyu da bai taɓa rabuwa da su ba: son lissafi da fensir a bayan kunne. Yana da littafin awo mai baƙin bango, inda ya rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannun duk wanda ya taɓa ɗinka wa riga, har waɗanda suka rasu bai goge ba, wai ko 'ya'yansu za su gaji jikinsu. Shi kansa Allah ya ba shi jiki, don rigarsa ta salla takan cinye yadi bakwai ba a sa aljihu ba.

Bin kasuwanni yake yi. Yakan ɗora keken ɗinkinsa bisa amalanke, ya hau ya zauna, baƙin jakinsa mai suna Duna ya ja su daga Atantane zuwa Mayahi, daga Mayahi zuwa garin Sarkin Hausa, su zagayo gida bayan kwana biyar ko shida. Shekara tara suna haka.

Sai damanar 1984 ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Kafin watan sanyi ya fita mutane sun kwance rumfunan kasuwa sun ba dabbobi kara da zana, kasuwa ta zama fili da turaku tsirara. Masu masaukinsa biyu sun kwashe iyali sun yi kudu. Aiki kuwa bai ƙare ba, ya dai sauya kama: babu mai ɗinka sabuwar riga, sai faci, sai mai kawo buhun da aka raba hatsin taimako a ciki a mayar masa wandon yara. Amma ƙarfen keke in ya sha rana ba ya taɓuwa, mai faci kuma ba zai tsaya cikin rana yana jira ba. Abdulmumini ya ga lallai sai ya samu rumfa tasa ta kansa, wadda za ta bi shi bisa amalanke, ya yi ɗinki a ciki, ya kwana a ciki.

Matsalar ita ce Duna. Jakin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ranar wata kasuwar Mayahi ya kai shi wurin malamin dabbobi, wanda ya buɗe bakinsa, ya danna bayansa, ya ce jakin zai iya ganin damana in an tausaya masa, amma duk abin da zai ja cikin rairayin nan, har da amalanken, kada ya wuce kilo ɗari biyu. In ya wuce, a nemi wurin jefar da shi. Abdulmumini ya san in Duna ya faɗi babu wani jaki, in babu jaki kuma babu kasuwa.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai tsohon filin awon gyaɗa. Gyaɗa ta daɗe da mutuwa a ƙasar, amma babban sikelin yana nan, da mai gadinsa Jaji, abokin wasansa tun suna yara. Suka kwance amalanke suka ɗora, Abdulmumini na tsaye gefe yana rubutawa. Amalanke, kilo ɗari da biyu. Keken ɗinki da ƙafafunsa, talatin da bakwai. Akwatin zare da almakashi da dutsen guga, sha ɗaya. Jarkar ruwa, ashirin. Ya haɗa, ya sake haɗawa, ya ja layi biyu a ƙasa. Saura kilo talatin. Rumfar da za ta wuce talatin ba tasa ba ce.

Ya bar Duna gida yana hutawa hannun matarsa Uwa, ya shiga neman rumfa a motar kasuwa.

Ta farko da ya gani ita ta tafi da hankalinsa. Wasu Turawa masu aikin gina rijiyoyi sun bar wani ɗan ɗaki da mota ke ja a wani gida a Mayahi. In yana rufe, akwati ne mai taya biyu. Mai gadin gidan ya kama wani hannu ya yi ta murzawa, rufi ya ɗaga sama a hankali, bangon tamfol ya miƙe, gado ya fito dama, gado ya fito hagu, har da taga mai raga don sauro. Abdulmumini ya zagaya shi sau uku, ya shiga ya zauna, ya gwada inda keke zai tsaya. Mai gadin ya ce ai Turawan da kansu suke cewa wannan shi ne marar nauyi cikin irinsa. Tela ya duƙa ya karanta ɗan ƙarfen da aka manna a gindi: kilo ɗari uku da tamanin. Ya rubuta a littafi, ya ƙara a gefe da ƙananan baƙaƙe cewa marar nauyi ne ga mota.

Ta biyu, wani mai walda ne ya rantse zai yi masa irin ta Turawan da bututun ƙarfe da kwano, wadda ko yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. Mako biyu ya yi yana bugu. Ranar da aka gama, ƙarti biyu ne suka kai ta sikelin Jaji suna nishi. Kilo sittin da huɗu. Mai walda ya ce sikelin ne ya tsufa. Jaji ya ce sikelin ya auna gyaɗar uban mai waldan, uban bai taɓa yi masa gardama ba. Rumfar ta koma gidan mai walda, aka ce kaji suka gaje ta.

Uwa ce ta nuna masa ta uku, ba tare da ta daina tankaɗe ba. Ta ce tun da yake ta yawon Mayahi, ko ya taɓa duban bayan gari? A can wasu Abzinawa makiyaya da fari ya kashe wa dabbobi suka sauka, kuma ɗakunansu na tabarma ne bisa lanƙwasassun itatuwa, mace ɗaya ke kwancewa ta ɗora wa jaki.

Ya je ya tarar da wani mai suna Bilal zaune a inuwa. Suka gaisa, suka sha shayi, suka yi maganar ruwa da rashinsa. Tela ya nuna ɗaki ya faɗi buƙatarsa. Bilal ya saurara da kyau, ya yarda da kowace magana, har ya taya shi auna tsawon itatuwan da igiyar awo. Sai da rana ta yi tsaka, suna shayi na uku, sannan ya ce abu ɗaya ne kawai: ɗakin ba nasa ba ne. A wurinsu ɗaki na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, shi kansa baƙo ne a ciki.

Mai ɗakin, Hajara, tana jin su tun farko daga ciki. Ta fito ta dubi Tela, ta dubi igiyar awonsa.

"Wanga ɗaki uwata ta saƙa shi," in ji ta. "Ba ya fita hannuna. Amma in ƙarami kake so, ina da hannu, kaba kuma ba ta ƙare a gulbi ba."

Suka shirya a kan ita ta yi masa rumfa, shi ya ɗinka wa 'ya'yanta huɗu tufafi ya kuma face nata. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ta saƙa tabarmin kaba uku, ta samo saiwoyi huɗu masu tsawo ta gasa su a wuta ta lanƙwasa, ta ɗaure gindinsu a gefen amalanke da fata. In za a tafi, sai a danne su baya su kwanta, a ɗaure da igiya ɗaya. In an isa, a ja bakin igiyar, saiwoyin su miƙe da ƙarfinsu su ɗaga tabarmin. Ba hannun murzawa, ba ƙusa ko ɗaya. Ta gargaɗe shi cewa duk mai jan igiyar ya tsaya gefe.

Abdulmumini ya kwance ta ya kai Mayahi a motar kasuwa don kawai a auna. Kilo ashirin da uku. Jimla ɗari da casa'in da uku, har da rarar bakwai. Ranar ya dawo gida yana fara'a, ya shafa wuyan Duna ya karanta masa lissafin.

Suka tashi da sassafe ranar fita ta farko. Uwa ta ce za ta bi su ta gaida ƙanwarta a Mayahi, amma ita a ƙasa za ta taka. Tela ya hau ya zauna a mazauninsa. Tafiya ta yi kyau har suka shiga rairayin gulbi, inda Duna ya tsaya cak, ƙafafunsa na rawa.

Abdulmumini ya sauko ya duba taya. Yana saukowa jakin ya yi gaba abinsa. Ya ce to, hutu yake so. Ya koma ya hau, jaki ya tsaya. Ya buɗe littafi ya bi lissafi, bai ga kuskure ba. Ya ce wataƙila dutsen gugar ne ya taru wuri ɗaya. Ya sauko ya cire shi ya miƙa wa Uwa, Duna ya taka da sauri, Tela ya ce ka ga, ashe shi ne. Ya hau. Jaki ya tsaya.

Haka aka yi da akwatin zare. Haka aka yi da jarkar ruwa. Kowane lokaci yana sauka jaki ya tafi, ya rubuta sunan abin da ya cire, ya hau, jaki ya tsaya. Kafin hantsi Uwa na ɗauke da jarka a ka, akwati a hannu, dutsen guga a ɗaure a zane. Tela kuwa ya fara zargin malamin dabbobi bai san aikinsa ba. A ransa tsoro ne: jakin na numfashi da kyar, kuma in ɗari da sittin ma ta fi ƙarfinsa, to zancen ya ƙare.

Da turi da lallashi suka isa bakin Mayahi, inda jandarmomi suka gitta itace a hanya. Lokacin mulkin soja ne, an hana fitar da hatsi ba da takarda ba, ana bincika kowace amalanke. Wani jandarma ya zo ya ga abu a kwance an rufe da tabarma an ɗaure. Ya tambayi mene ne. Tela ya ce ɗaki ne, ranka ya daɗe. Jandarma ya dube shi, ya ce wato shi za a mayar yaro ke nan. Abdulmumini na cikin cewa a tsaya gefe, mutumin ya riga ya fizge igiya. Saiwoyin Hajara suka miƙe gaba ɗaya. Hular jandarma ta yi sama ta sauka bisa rufin, ɗaki ya tsaya cif a tsakiyar hanya da Tela zaune a cikinsa.

Babu wanda ya yi dariya a fili, don ba zamanin yin haka ba ne, amma wata mai fura ta juya baya kafaɗunta na motsi. Jandarma ya leƙa, bai ga hatsi ba sai keke. Ya sa aka sauko masa da hula da sanda, ya ce Tela ya sauka ya taka da ƙafa har cikin gari, hukuncinsa ke nan. Aka danne rumfa, Uwa ta mayar da jarka da akwati da dutsen guga bisa amalanke. Duna ya ja duka yana kaɗa kunne, har Tela na haɗawa da sassarfa kafin ya cim masa.

Filin awon gyaɗa suka nufa, don Abdulmumini ya ce sai an sake auna komai. Jaji ya auna, lissafi ya fito yadda yake, ɗari da casa'in da uku. Tela ya tsaya yana cizon fensir. Sai Uwa ta gyara mayafi ta matso.

"Malam, akwai kaya ɗaya da ban ga an ɗora ba."

"Wanne? Har allura na sa a akwati."

"Mai riƙe da littafin."

Jaji ya zauna ƙasa don dariya. Da ya samu numfashi ya ce tun ranar farko ya so ya faɗa, amma ya ga mutum da fensir a kunne ai ba a koya masa lissafi. Ya share sikeli da hularsa ya ce bisimilla, buhun Atantane. Abdulmumini ya cire takalmi, ya ajiye littafi, ya hau. Kilo casa'in da huɗu.

Ya daɗe yana duban allurar sikelin. Sannan ya sauko, ya ɗauki littafi, ya rubuta sunansa a ƙasan jarkar ruwa, ya haɗa: ɗari biyu da tamanin da bakwai. Ya je ya tsaya gaban Duna, ya roƙe shi ya yafe masa, a gaban Jaji da Uwa.

Tun daga ranar bai ƙara hawa ba. A ƙasa ya bi kasuwannin duk ranin nan, igiyar jaki a hannu, kuma a kowace kasuwa yara da manya kan taru su ga an ja igiya ɗaki ya tashi, wasu har su tuna suna da abin faci. Takalmi uku ya kashe kafin ruwan farko na 1985. Duna ya ga damanar, ya ci ɗanyar ciyawa, bayansa ya cika. Malamin dabbobi ya ce yanzu ana iya hawa. Shi ma Tela tafiya ta rage shi zuwa kilo saba'in da tara, yana rubuce a littafi da kwanan wata.

Ya gwada sau ɗaya, a ƙofar gida, Uwa na kallo. Ya hau ya zauna ya kaɗa igiya. Duna bai motsa ba, ya dai waiwayo ya dube shi. Abdulmumini ya sauko ya gyara riga, ya ce dama yana so ya miƙe ƙafa. Shekara takwas suka ƙara yi tare a hanyar Mayahi, jaki da rumfa a gefe ɗaya, Tela a ƙasa a ɗaya gefen.