Ɓauren da ke Kan Ibtisam

A ƙauyensu na bakin kogin Nilu, rabin masu gemu hannun Nabawiyya ungozoma ne ya fara taɓa su. In ta yanke magana, ko liman sai ya yi tari ya bar zancen. Ta san aikinta kuwa, sai dai kunnenta ba ya son gyara.

Da aka haifi jikarta Ibtisam da tabo-tabo ruwan ƙasa a jiki da wani ƙullutu mai laushi a ƙeya, kallo ɗaya ta yi ta gano mai laifi. A wurinsu in mai ciki ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, to zai fito a jikin ɗa.

"Ke Sabah, ɓaure kika yi kwaɗayi kika yi shiru," ta ce wa surukarta. "Ga shi kin ɗora wa yarinya a ka. Kwaɗayayya kawai."

Ta ce ƙullutun zai kumbura lokacin ɓaure, ya saɓe in ya wuce. Ɓaure ya zo ya wuce, shekara na bin shekara, abu sai girma yake yi. Duk sanda Sabah ta ambaci asibiti, sai tsohuwa ta tambaye ta ko haihuwa nawa ta taɓa karɓa. Tsohuwar ce ma ke yi wa yarinyar kitso tana rufe wurin, don kada bakin mutane ya kama ta.

Wata Juma'a tana tsefe mata kai, yatsanta ya nutsa. Babu ƙashi a wurin, sai wani abu da ke bugawa a hankali. Ita da kanta ta ce wa Sabah su tafi asibiti.

Likita a birnin Asyut ya ce tsiro ne na jijiya, kuma ƙoƙon kan yana da rami a ƙarƙashinsa. Da tun tana ƙarama aka zo, da aikin bai kai haka ba. Yanzu ya yaɗu, ba zai ciru duka ba. Ya ce ciwon yakan bi jini, ya tambaya ko akwai mai irin tabon a gida.

Nabawiyya ta naɗe hannun baƙar rigarta har kafaɗa. Ga irin tabon nan a damtsenta.

Sabah ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. A motar komawa, yarinya na barci a cinyarta, ta ce, "Inna, tun da na haife ta ban sake sa ɓaure a bakina ba."