Fitilar da Aka Juya wa Ɗan Maraƙi

Wanda ya wuce tashar Bodinga kaɗan zai ga wata rumfar kwano a gindin dogonyaro, wayoyi ja da baƙi suna reto daga rufinta kamar saiwar gamji. Nan Badaru mai gyaran wutar mota yake wuni. Abu biyu mutanen garin suka shaide shi da su: hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya rabo da tambaya.

A Sifawa aka haife shi, gidan manoman gero da albasa. Ya yi noma kamar kowa, sai dai babu tocilar gidan da ta tsira daga hannunsa; sai ya buɗe cikinta ya ga inda hasken ke kwana. Yau ga furfura ta sauka masa a gemu, halin yana nan. Matarsa Bahijja kan ce ko tuwo aka ajiye masa, sai ya ji gonar da dawar ta fito kafin ya kai loma.

Wata rana da damina, bayan azahar, wata tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu ta tsaya bakin rumfar, laka har ƙofofinta. Ummaru ne, dattijon Bafillace mai kiwo a dajin Shagari. Ya sauko rungume da fitilu biyu masu zagaye, naɗe cikin tsumma.

"Kaɗo, ga aiki. Baya nika son su."

"Baya, Baffa? Kowa gaba shika ƙara wuta. Mi za ka gani baya?"

"Abin da ke baya."

"To, in haɗa su da ribas, in ka ja da baya su kama?"

"A'a. Ina tahiya gaba, suna ci."

Badaru ya ajiye sifana ya dube shi. Ya sa wa masu albasa fitila don lodin asuba, ya sa wa mafarauta, amma bai taɓa ganin mai tafiya gaba yana haska inda ya baro ba. Ya sake tambaya ta wata kusurwa. Ummaru ya zauna kan benci, ya fiddo asuwaki, ya zuba wa gabas ido, inda gajimare ke taruwa.

Sai Badaru ya kama aiki. Ya huda ƙarfen da ya tsallaka saman bodin, ya ɗaure fitilun hagu da dama, fuskarsu na kallon baya sosai kamar yadda ake yi wa kowa. Ya jawo waya daga batir, ya sa mata fis kusa da tushe don kada wata rana ta goge jikin ƙarfe ta cinna wa motar wuta. Ya kwanta rigingine ya bi da ita ta ƙarƙashi, nesa da salansa mai zafi, yana ɗaure ta da yankan tsohuwar roba, don ya san ƙaya da kututturen daji ba su da kunya. Makunnin ya kafa shi kusa da sitiyari. Ya danna, suka kama, farare fat ko a cikin rana.

Ummaru ya tada mota, sai ya ga Badaru ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna da sifanarsa a aljihu.

"Ina zuwa?"

"Aikin da ban ga ya ci cikin duhu ba, ban gama shi ba."

"Ƙarya kake, kaɗo. Gulma ta hana ka zama."

Sun wuce Shagari, sun bar kwalta, sun tsallaka wata fadama da ruwanta ya kai rabin taya, kafin dattijon ya buɗe baki. Saniya ce. Jikar saniyar da mahaifiyarsa ta bar masa, kuma ita kaɗai ta rage a wannan tsatson. Ta haihu da wuya a tudun da ke hayin fadamar, bayan an riga an maida garke gida. Ɗan ba ya iya doguwar tafiya, uwar ba ta jure rana, gargadar mota kuwa sai ta ƙarasa ta. Dabarar makiyaya tun kaka da kakanni ita ce a ɗauki ɗan, uwa ta biyo da ƙafarta. Jiya da yamma ya sa shi a bodi ta biyo, duhu na rufawa ta daina ganinsa, ta juya ta koma inda ta haihu. Dole ya maida mata shi. In aka ƙara ruwa ɗaya, fadama ta cika, hanya ta yanke.

"Don mi ba ka hwaɗi min tun can ba?"

"A bakin tasha? Ba a zancen saniya mai jego gaban jama'a. Baki na da dafi."

Sun same ta kwance gindin ƙirya, fara, mai babban tozo, ɗan na jikinta. Suka jira rana ta yi sanyi, suka yi magariba a kan ciyawa. Ummaru ya ɗauki maraƙin kamar jariri ya kwantar a bodi. Motar ta motsa a hankali, saniyar ta miƙe ta biyo, tana wani gunji ƙasa-ƙasa.

Da duhu ya fara haɗe itatuwa, a gangaren fadama, Ummaru ya danna makunni. Haske ya zuba a baya kamar an kwance ƙullin rana. Saniyar ta ja tunga. Ta kau da kai, ta yi baya, ta fara juya jiki wajen tudu. Can gabas walƙiya ta gifta.

"Kaɗo, hitilunka sun kore ta!"

Badaru ya buɗe ƙofa. Ya sauka, ya taka har inda take, ya tsaya gefenta, ya rusuna sai da idonsa ya zo daidai nata. Yana son ya san abin da take gani. Babu mota, babu bodi, babu ɗa. Fararen ƙwallaye biyu masu haske kamar rana ne kawai tsaye cikin baƙin daji, abin da ke bayansu duk ya nutse.

Ya koma da gudu ya haye bodin. Ya sassauta fitilar hagu ya sunkuyar da ita ƙasa, ta haska laka da sawun taya. Ta dama kuwa ya murɗe wuyanta gaba ɗaya, ta juya wa daji baya, ta zuba haskenta a kan ɗan maraƙin. Ga shi nan kwance, fari kamar auduga a faifai, kunnuwa na kaɗawa. Ya ɗaga kai ya yi kuka siriri.

Uwar ta tsaya. Ta juyo. Ta taho da sassarfa har hancinta ya taɓa ƙarfen bodin.

Haka suka shiga ruwan, mota na rarrafe, Badaru zaune a baya da hannu ɗaya kan fitilar don kada gargada ta gusar da ita, saniya na keta ruwa har gwiwa, idonta bai bar ɗanta ba. Suna hawa tudun rugar Ummaru ɗigon farko ya faɗo.

Fitilar dama har yau ciki take kallo. Ummaru ya hana a miƙe ta. Ranar kasuwa yakan biyo da ƙwaryar kindirmo, Badaru kuma bai fasa tambaya ba.

"Baffa, wai ganin ɗan nata ya maido ta, ko kukan da ya yi?"

"Tana nan gida. Taho ka tambaye ta."