Rediyon Inna Ladidi

Wata rana, wata mata a Kaduna ta jingine wayarta a jikin kwalbar man gyaɗa, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗago wani ɗan rediyo baƙi mai cin memori, ta ce wa mabiyanta:

"'Yan uwa mata, yau na zo muku da abin da ya raba ni da ciwon kai."

Sunanta Zuwaira.

In kina bibiyar shafukan kayan gida, kin san irinta. Ita ake tambaya kafin a sayi injin markaɗe. Ita ke faɗin wace fanka mai caji ce ke da rai, wace ce gawa tun daga kwali.

Sabon fim ya fito, sai an jira hukuncinta.

Littafi kuwa, shafi uku take karantawa ta ce, "Wannan marubuciyar ta taimaka ta koma suyar awara."

Bakinta ba linzami. Mata kuma saboda hakan suke son ta, don ba ta yabon abin da ba ta gwada ba.

Kuma kada in ci haƙƙinta, Zuwaira tana son uwarta.

Inna Ladidi ke nan, tsohuwa a cikin birnin Zariya, ita kaɗai a gidan da mijinta ya rasu ya bari. An yi juyin duniya ta dawo Kaduna, ta ce ita da ranta da lafiyarta ba ta zaman gidan suruki.

Da Zuwaira ta rasa yadda za ta yi, sai ta cika gidan da kaya. Firji. Fanka. Injin markaɗe. Butar lantarki wadda Inna ke tsoro kamar maciji, har ta mai da ita wurin ajiye goro.

Duk abin da ta saya, sai ta yi masa bidiyo, ta ce, "Na gwada a gidan Innata."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a maƙoshi.

Kullum bayan la'asar, matan layin suna taruwa a tsakar gidan Inna. Goggo Tasalla, maƙwabciyarta ta jikin katanga, ita ke fara shigowa da 'yar tabarmarta a hammata. Sai Hansatu mai ɗinki, da wani tsohon littafin Hausa wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi.

Inna ba ta yi boko ba, idon ma ya yi rauni. Hansatu ce mai karatu.

Karatun Hansatu kuwa, sai haƙuri. Ta lashi yatsa, ta tsallake layi, ta dawo baya, ta tsaya tana haɗa baƙi. Kafin ta gama jimla ɗaya an katse ta sau biyu.

"Allah wadaran wannan mutum!"

"Ke bari, ai uwarsa ce ta ɓata shi."

Labarin wani direban babbar mota ne da ya tafi bai dawo ba. Shafi ɗaya sai ya cinye musu yammaci, don rabin lokacin gardama ake, ko zai dawo ko ba zai dawo ba.

Wadda ta fi kowa sharhi ita ce Inna. Babu wanda ke cikin littafin da ba ta yanke masa hukunci ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a nan Zuwaira ta gado bakinta.

Amma ranar da Zuwaira ta zo ziyara ta tarar da taron, ba gadon ta gani ba.

Ta ga ruwan sanyin firji ya ƙare. Ta ga an juya fanka tana kallon Goggo Tasalla. Ta ga wata a kicin tana markaɗa tattasai da injin da ta saya da guminta. Ga karatun Hansatu yana yi mata kamar ana kankare ƙanzo a kunne.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita ta saya wa uwarta, ga unguwa na morewa.

Ba ta kori kowa ba. Ai mai wayo ba ya korar baƙo da baki.

Rediyon nan ta sayo, ta kai shagon masu turi aka cika mata memori da littattafai, wata mata mai zaƙin murya tana karantawa tiryan-tiryan. Ta dire shi a tsakiyar tabarma, a gaban kowa, ta ce, "Daga yau an hutar da Hansatu."

Hansatu ta yi dariyar yaƙe. Ta karyi tsinken tsintsiya ta saka a inda ta tsaya, ta rufe littafinta, ta tura shi cikin hijabi.

Washegari ba ta zo ba.

Sauran sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Sai dai rediyo ba Hansatu ba ne. In Goggo Tasalla ta ce "tsaya, tsaya, me ya ce mata?" ya riga ya yi gaba. In ka yi magana, labari ya wuce ka.

Sai suka koma zama shiru kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa.

Wannan ta ce jikanta ba lafiya. Waccan ta ce ƙafa. A hankali tabarmin suka daina shigowa. Goggo Tasalla kaɗai ta rage, ita ma leƙowa take da hantsi, a gaisa ta koma.

Can a Kaduna kuwa, bidiyon rediyo ya yi kasuwa.

Zuwaira ta yabi batirinsa, ta ce caji ɗaya sai ka manta ranar da ka yi shi. Ta yabi yadda in littafi ya ƙare yake shiga na gaba da kansa, ba sai tsohuwa ta lalubi maɓalli ba. Ta rufe da cewa:

"Tun da na saya wa Innata, wallahi ba ta buƙatar kowa."

Aka yi ta sa mata albarka. Aka yi ta tambayar inda ake samu.

Ta kira Inna don ta ji ra'ayinta ta ƙara wa mabiya.

"Inna, ya rediyon?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Muryarsa ta fi ta Hansatu."

"To, ba na faɗa ba?"

"Sai dai shi, ko na ce Allah sarki, ba ya tsayawa."

Zuwaira ta yi dariya har da ƙwalla. Ta rubuta maganar a shafinta, mutane ma suka yi dariya, suna cewa tsofaffi akwai rigima.

Bayan 'yan watanni sai sabon salo ya fito. Maimakon mai karatu ɗaya, mutane da yawa ne ke yin littafin kamar fim, maza da mata, har da ƙarar kwanuka da tari da shewa.

Zuwaira ta saurara, ya burge ta. Ta ce wa mabiyanta, "In kin rufe ido, sai ki rantse a ɗakinki suke zaune."

Ta sa aka cika sabon memori, ta ba direba a tasha ya kai wa Inna ya saka mata.

Cikin makon nan ne ta kira Inna da rana, waya ta yi ta ruri ba a ɗauka ba.

Ta yi murmushi. Inna an samu sabon labari, an manta da 'ya. Ta koma kan sharhin wani fim da take yi wa kaca-kaca.

Washegari da safe ta sake kira. Shiru.

Ta sake. Shiru.

Ta buɗe wayarta tana neman wanda za ta kira a layin, sai ta ga ba ta da lambar kowa. Ba ta Hansatu, ba ta gidan Goggo Tasalla. Ba ta taɓa ganin amfanin karɓa ba.

Ta zari mayafi ta kama hanyar Zariya.

Tana shiga zauren gidan ta ji muryar namiji daga ciki yana ba da labari, mata suna shewa.

Ta dafa bango ta saki ajiyar zuciya. Alhamdu lillahi, ashe baƙi Inna ta yi.

Sai da ta taka tsakar gida ta ga ba takalmi ko ɗaya a ƙofar ɗakin, ban da silifas ɗin Inna.

Ta ɗaga labule.

Inna na kwance a ƙasa tsakanin gado da firji. Kofin koko ya kife, ya bushe, tururuwa sun yi layi a kansa. Bakinta ya karkace, hannu ɗaya a ƙarƙashinta. Idonta a buɗe, yana kallon ƙofa.

Rediyon na kan taga, yana ta zuba.

Inna tana da rai. Maƙwabta suka fito da jin ihun Zuwaira, aka ɗauke ta sai asibiti.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ne. Ya tambaya tun yaushe ta faɗi. Zuwaira ta ce ba ta sani ba. Ya ce, "Irin wannan, da an kawo ta da wuri..." Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba.

Da yamma sai ga Goggo Tasalla tana jan ƙafa, da ɗan fulas na kunu a hannu.

Zuwaira ta tare ta a baranda. Baƙin cikin da ta rasa inda za ta sauke, sai ta sauke shi a kan tsohuwa.

"Goggo, katanga ɗaya ce tsakaninku. Katanga ɗaya! Yini da kwana tana kwance a ƙasa, ko leƙe?"

Goggo Tasalla ta ajiye fulas ɗin a hankali.

"Na zo, 'yar nan. Jiya da hantsi na zo. Ina zaure na ji muryar namiji a ɗakinta, na ce ko maigidanki ne ya zo gaishe ta da mutanensa. Na yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar faɗa wa maza ɗaki ba, sai na juya. Da la'asar na dawo, na ji ba su tafi ba."

Zuwaira ta ce:

"Goggo... ba baƙi ba ne. Rediyon ne."

"Rediyon ai mace ce."

"Na canza mata."

Tsohuwar ta kalle ta. Ba faɗa a idonta, ba zargi. Sannan ta ce:

"Allah sarki. Da Hansatu ce ke karatun nan, da ko ruwa ta ba ta."

Zuwaira ta zauna a ƙasan barandar nan, a gaban mutane, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar ubanta.

Inna Ladidi ba ta mutu ba.

Amma ba ta koma ɗakinta ba. Gidan surukin da ta ƙi da lafiyarta, can aka kai ta a kujera mai taya, ba ta da bakin cewa a'a.

Maganar ce ta tafi. Matar da ba a gama shafi ba ta tofa albarkacin bakinta ba, yanzu in tana son ruwa sai dai ta yi nuni da ido.

Kafin su bar Zariya, Zuwaira ta je gidan Hansatu. Ta same ta a kan keken ɗinki. Ta yi niyyar ba da haƙuri mai tsawo, amma da ta buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Littafin nan yana nan?"

Hansatu ta tsayar da keken. Ta tashi ta ɗauko shi daga ƙasan akwati.

Tsinken tsintsiyar na nan inda ta saka shi. Direban bai dawo ba tukuna.

Yanzu kullum bayan la'asar, Zuwaira na shimfiɗa tabarma a gefen gadon Inna ta buɗe littafin. Sai ga shi karatu a bayyane ba wasa ba ne. Tana tsallake layi, tana dawowa baya, har yatsa take lasa.

In ta kai ƙarshen shafi, sai ta tsaya.

Ta ɗago ta kalli Inna, tana jira.

Leɓen Inna ya motsa, ya sake motsawa. Wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Zuwaira ta ce, "Haka ne, Inna, uwarsa ce ta ɓata shi," ta juya shafi.

Ta goge bidiyon rediyon daga shafinta, amma an riga an yaɗa shi, yana nan yana yawo. Har yau ana turo mata saƙo.

Kwanan baya wata ta rubuto: "Anti Zuwaira, zan saya wa mahaifiyata, ita kaɗai ce a gida. Da gaske batirin yana daɗewa?"

Zuwaira ta karanta saƙon. Sannan ta rubuta:

"Yana daɗewa. Amma ki je wurinta da kanki."

Darasi:

Ku sayi fanka, ku sayi firji, ku sayi duk abin da zai hutar da iyayenku, Allah ya ba da lada. Amma kafin ki raba tsohuwa da masu shan ruwan sanyinta, ki tuna su ne za su fara sanin ranar da ba ta tashi ba. Maƙwabcin da ke damun ki da shige da fice, shi ne mai gadin da ba ki biya.

Kuma mu masu faɗin ra'ayi a kan komai, mu dinga sauraron ra'ayin wanda aka saya wa kayan. Inna ta faɗi nata tun farko, dariya aka yi.

In kina da lambar maƙwabciyar mahaifiyarki, kira ta yau ki gaishe ta. In ba ki da ita, nemo.

Ku tura wannan ga duk wanda uwarsa ke zaune ita kaɗai a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.