Injin da Yaya Ya Ce In Bari

Ni ne ban da gaskiya. Gara in faɗa tun daga farko, domin na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin. Na ɗora wa bakanike, na ɗora wa ruwan Legas, har masu gyaran titi sai da suka samu nasu kason. Laifin nawa ne, kuma wanda na yi wa shi yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sana'ata nama. Kullum da safe nakan ɗauko shi daga kwata in rarraba wa masu gidajen abinci, daga Agege har bayan Iyana Ipaja. Da damina akwai lungunan da ko mai okada sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya shiga. Shi ya sa da na ji wani dattijo Bayarabe zai sayar da tsohuwar jif ɗinsa, irin mai ja da taya huɗu, na ce a kai ni. Motar ta girmi babbar 'yata nesa ba kusa ba. An ce koriya ce a da.

Na tafi da Yaya, don shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tirela tsakanin Legas da Arewa, kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Bai ko kalli fenti ba. Ya sa aka tayar da ita, ya zaro sukundireba daga aljihun gaba, ya ɗora tsinin a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsar nan, ya saurara, ya matsar can. Sannan ya ce, "Auta, saya. Jikin ya tsufa, amma injin gas ɗin nan sai mun mutu mun bar shi."

Na saya. Abin da Yaya bai gaya mini ba shi ne ƙara. In na tayar da ita, layinmu kaf sai ya sani. Wata maƙwabciya ta taɓa leƙowa da robar tattasai, wai ta ɗauka injin markaɗe aka buɗe. Daga ranar 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci suka samu abin yi. Da na kunno kai sai ka ji, "Ga mai markaɗe nan! Alhaji, ana karɓar wake?" Nakan yi dariya, amma abin yana cina. A kan titi kuwa motar haya ta danfo mai ƙofa ɗaure da igiya ma wuce ni take yi.

Sai aka haɗa ni da wani bakanike a Mushin mai harkar injinan tokumbo, na hannu da ake shigowa da su daga waje. Ya ce zaɓi uku ne: a wanke na gas ɗin a bar shi, ko a sa wani na gas ɗan zamani, ko kuma a sa na fetur mai fulogi shida. Na ukun ya tayar mini a ƙasa. "Oga, saurara," in ji shi. "Ka ji wani abu? Numfashin jariri ke nan." Tun kafin ya kashe shi na gama yanke shawara. Neman ra'ayin Yaya da na yi daga baya, so nake kawai ya sa mini albarka.

Bayan la'asar ne, majalisa ta cika. Yaya ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Me ka sayi motar ta yi maka, gudu ko shiga ruwa? Na gas ba ruwansa da fulogi, in bai shaƙi ruwa ta hanci ba, tafiya zai yi. Wancan yana da akwatin ƙwaƙwalwa, da ya jiƙe ka tsaya. Kuma giyarsa ba za ta hau da taka ba. Za su kashe maka ƙaramar giyar da ke sa taya huɗu su ja."

Ga abin da na ce, ba zan rage ba. Na ce, "Yaya, ilimin sukundireba a kunne ai zamaninsa ya wuce. Yanzu kwamfuta ake jona wa mota. Kai da ko saƙo a wayarka sai an duba maka."

Mutum biyu suka yi dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka haɗiye. Yaya ya taɓa aljihun gabansa. Ya ce, "Allah ya sa alheri," ya sa takalmi ya tafi. Daga ranar bai sake ce mini Auta ba. In na gaishe shi yakan amsa da kyau, "Lafiya lau, Alhaji," kamar yadda yake amsa wa mai shago.

Aka sa sabon inji. Tsohon na ce a ba 'yan gwangwan. Sandar ƙaramar giyar tana nan a wurinta, ban tambayi ko da me aka haɗa ta ba. Rani guda na yi ina shan iska, ina wuce danfo ina danna musu oda.

Ruwa ya sauka. Wata safiya na ɗauko naman saniya guda na wata mai gidan abinci da ke da biki. A lungunta, kusa da Iyana Ipaja, ruwa ya kai gwiwa, motoci suna ta juyawa. Ni mai jif, na gyara hula na shiga. Ina kaiwa tsakiya fitilun gargaɗi na gaban sitiyari suka kunnu gaba ɗaya, injin ya yi shiru, shirun da na daɗe ina nema. Na damƙi ƙaramar sandar na ja, sai na ji tana yawo kamar ludayi a tukunyar da ba kome. Wani kwandasta ya leƙo daga danfo yana ihu, "Alhaji, jirgin ruwa ne? Ina filafilin?"

A kaina na riƙa fito da cinyoyin saniya, wando naɗe, jini yana bin wuyana, har aka samu baro. Matar ta zage ni da Yarabanci, kuma abin takaici ina jin Yarabanci sarai. Wadda ta janyo motar daga ruwan wata tsohuwar tifa ce mai injin gas, tana ƙara kamar markaɗe.

Aka canza ƙwaƙwalwar, ta sake jiƙewa. Motar ta zauna a ƙofar gida har akuyar maƙwabta ta mayar da ƙarƙashinta ɗaki. Duk da haka ban je wurin Yaya ba. Na gwammace in riƙa hayar a-kori-kura.

Maiɗakina ce ta kawo mini labari daga matar Yaya. Ashe a makon da aka cire injin, Yaya ya je Mushin da kansa ya karɓo shi kafin 'yan gwangwan su zo. Injin yana bayan kicin ɗinsa, lulluɓe da tampol. Duk Juma'a yakan buɗe, ya zuba mai, ya juya shi da hannu don kada ya kame. Mutumin da ruku'u ma da ƙyar yake yi. Ranar da na ji haka ban iya cin abinci ba.

Na so in je gidansa in same shi shi kaɗai, ya fi mini sauƙi. Amma ba a ɗaki na ci masa fuska ba. Na jira la'asar, na jira majalisa ta cika, har da mutum biyun nan masu dariya. Na cire takalmi, na tsuguna a gabansa. Ya ce, "Alhaji, lafiya?"

Na ce, "Ba Alhaji ba ne, Yaya, Auta ne. A nan na raina ka a gaban mutane, a nan na zo in ba ka haƙuri. Duk abin da ka faɗa ya faru, ko da bai faru ba ma, ban kyauta ba. Ba don injin na zo ba, in ka ga dama ka riƙe abinka. Don Allah, Yaya, ka yafe mini."