Ƙofar Sajan Audu, Shekara Shida Bayan Bawa

Yau shekara shida ke nan da muka binne abokina Bawa, manajan kamfanin casar shinkafar da nake wa direba tun gemuna yana baƙi. Mutum ne da in ya yi dariya a Zuru, sai kajin Mahuta sun firgita.

Bawa bai taɓa tambayar mai neman aiki ɗan gidan wa ne ba. Ya ɗauki matan unguwar Rikoto, ya ɗauki Fulani, ya ɗauki Sajan Audu, tsohon sojan da ya baro hannunsa na hagu a Laberiya, ya ba shi gadin ƙofa. Ya kuma kafa mana al'ada: ran Juma'a Kiristoci su riƙe injuna mu je masallaci, ran Lahadi mu riƙe su je coci. Ba takarda, ba hatimi. Sajan, da yake Kirista ne, kan tare ni ran Juma'a ya ce, "Alhajin ƙarya, yi sauri, ka sa ni a addu'a!" In ce masa zunubinsa sai an tara limamai goma.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sababbin masu kamfani sun kafa allo mai girman dutsen Zuru, wai nan gidan kowa ne, ba bambanci. Musayar Juma'a da Lahadin kuwa sun soke ta, wai tana kawo ruɗani. Bara suka sa Sajan ya saka kakinsa na soja, suka juyo da dungun gaba, suka buga hotonsa a kalanda. Watan nan suka ce ya sauka, wai ƙofa tana son mai hannu biyu. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Na je wurin sabon manaja na yi roƙo har yawuna ya ƙafe. Ya ce, "Baba, tsarin kamfani ne." Da Bawa zai leƙo, na san tambaya ɗaya zai yi: wane ɓarawo ne ya taɓa wuce ƙofar nan?

Me ya rage na Bawa? Ya nuna mana yadda ake mutunta ɗan Adam a wurin aiki, ya tafi ya bar mu da sanin, shi ya sa abin ke ƙuna. Jiya Sajan ya tambaye ni ko na san mai neman maigadi, ko da na rumbu ne. Ni da bakina bai taɓa hutawa ba tun ran suna, na tsaya ina duba tayar mota.